Mai Baibaya a Cikin Ƙamus

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen ɗalibaina nakan nema in rasa, amma akwai wata hantsi a Birnin Kudu da na tabbata ba za ta bar kaina ba sai ran da aka rufe ni da ƙasa. Ranar ce sunan wata Baturiya, wadda ko a mafarki ba ta san da zamana a duniya ba, ya kwance mini zani a kasuwa, ni da ko zanin ba na ɗaurawa. Ba zan kira sunan ba. Waɗanda suka yi zamanin sun san matar da ta fara zama firaminista a Ingila, a shekarar da sojojinmu suke shirin miƙa mulki ga farar hula. Waɗanda ba su yi zamanin ba su tambayi iyayensu, in kuma suna da ƙamus su buɗe, kada su yi irin tawa.

Ni mutumin Dingaya ne, can ƙasar Gwaram. Mahaifina da damina noma yake yi kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi baibaya ne, wato rufe ɗaki da ciyawa. Gadon sana'ar ya yi wajen ubansa. Da kaka sai ya shiga daji ya yanko shuci, ciyawar nan doguwa ta rufi, ya shanya, ya zauna gindin tsamiyar ƙofar gida yana jera shi yana ɗaurewa da igiya, abin da ake kira yanta, ya nannaɗe ya jingine. In bazara ta kama, daga Sara har Kangire aiko masa ake yi. Jinkar da ya baibaye, ko ruwa kamar da bakin ƙwarya ake yi, ɗigo ɗaya ba ya sauka a kan gadon mai ɗaki. Tafin hannunsa kuwa duk tsagar ciyawa ne, in ya shafa maka kai sai ka ji kamar an goga maka dutsen kaushi. Da wannan hannun ya ciyar da ni, da shi ya ɗinka mini kayan makaranta. Kuma da yake sunan ubansa aka sa mini, bai taɓa kiran sunana ba ko sau ɗaya. Babana yake ce mini.

To sai ga zamanin fetur. Kuɗi suka shigo ƙasa, kwano ya shigo ƙauye, duk wanda ya sayar da gyaɗa ko ɗan bijimi sai ya yaye jinka ya ɗora kwano, ko da zafi zai gasa shi a ciki kamar gurasa. Makarantu suka buɗe ta ko'ina, malamai suka yi ƙaranci, aka kwashe irinmu aka yi mana horon gaggawa aka watsa mu gari-gari. Ni aka jefa ni wata firamare a gefen Birnin Kudu, aka ba ni aji bakwai. Ku zo ku ga mutum. Wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, takalmi mai tudu, suma an taje ta ta yi himili, biro uku a aljihun gaba, ja da shuɗi da baƙi. A aljihun baya kuma ɗan ƙaramin ƙamus na Turanci, wanda na sa shi yadda kansa zai leƙo a gani. Buɗe shi kuwa ba na yi. A ganina mai buɗe ƙamus a gaban mutane ya nuna bai sani ba ke nan.

Ban daɗe ba aka laƙaba mini suna Ƙamus. Duk kalmar Turancin da aka ji a rediyo, wurina ake kawowa, ni kuma ban taɓa cewa ban sani ba. In na sani in faɗa, in ban sani ba in ƙera, in kafe ta da ƙusa. A garin makafi ai mai ido ɗaya sarki ne. Na ɗauka girmamawa ce sunan, sai da na tsufa na gane akwai 'yar dariya a ƙarƙashinsa.

Wata rana a ɗakin malamai ana hirar iyaye, aka tambaye ni sana'ar mahaifina. Na gyara zama na ce harkar rufin gine-gine yake yi, ana kiransa gari-gari. Kun ga ai ban yi ƙarya ba, haka na riƙa faɗa wa zuciyata. Amma a lokacin da kowane lungu ɗan kwangila ne da motar kwano, na san sarai abin da za su fahimta, kuma shi nake so su fahimta. Daga ranar na zama ɗan ɗan kwangila. Dalili kuwa ba wani ba ne, wata malama ce mai koyar da aji uku, 'yar cikin gari, mai tsare gida, wadda in ta kalli yaro ya makara sai ya ji dama bulala aka yi masa. Ita nake so ta ji. Ta ji ɗin, ta ci gaba da duba littattafan yaranta.

Ana nan sai labari ya zo cewa mace ta ci zaɓe a Ingila. Gari ya ɗauka. A wurin mai shayi, a tasha, a gindin darbejiyar makaranta, ba a zancen komai sai wannan: ƙasar da ta mulke mu, yau mace ke mulkinta. Sunanta kuma ya gagari bakin mutane, kowa da yadda yake murɗa shi. Nan fa kasuwata ta buɗe. Ni ke koya musu yadda ake furta shi, in ce ka sa kan harshenka tsakanin haƙora ka huro iska. Sai ka ga dattawa da gemu sun zaro harshe suna fesa wa juna yawu, ni kuma ina gyara musu. Da aka tambaye ni ma'anarsa, ban ko yi tari ba. Na ji a rediyo ana mata kirari da mace mai kamar ƙarfe, sai na haɗa biyu da biyu na samu bakwai. Na ce ma'anar sunan ƙarfe, ƙarfen ma irin wanda wuta ba ta lanƙwasawa. Na ƙara da cewa sunan gidan sarauta ne, don Turawa ba kamar mu ba ne, manyansu daga suna ake gane su, ɗan talaka ba ya ɗaukar irin wannan suna. Wallahi har ni kaina na yarda da abin da na faɗa.

A kwanakin nan ne mutane suka fara laƙaba sunan ga duk macen da ba ta ɗaukar raini. Ni kuwa na yi wuf na ɗora wa malamar nan, a matsayin yabo. Na bayyana mata cewa ƙarfe nake nufi. Ta ɗan yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta. Na koma ɗaki ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Sai Allah ya kawo hadarin farkon damina. Wata iska ta taso da la'asar daga gabas, ta nannaɗe kwanon ajina da na kusa da shi kamar tabarma, ta kai shi gonar mutane ta ajiye. Da safe muka tarar da bango tsirara, allo ya jiƙe. Hedimasta ya rubuta takarda zuwa sama, amma ya san kafin kwano ya zo damina ta yi nisa, ga yaran aji bakwai suna fuskantar jarrabawar fita. Hedimastan nan dattijo ne, gajere, mai magana a hankali, tsofaffin Turawa ne suka koyar da shi, amma ba ka jin Turanci a bakinsa sai ta kama dole. Ya tara mu ya ce ba zai zauna jiran kwano ba, bangon yana nan lafiya, za a ɗora masa jinka. Ya ce ya san wani gwani a ƙasar Gwaram wanda ya taɓa baibaye wa mahaifiyarsa ɗaki a Sara, har ya riga ya aika masa.

Masu baibaya a ƙasar Gwaram ba ɗaya ba ne, na ce wa kaina, ba biyu ba ne. Amma gwani ɗaya ne, kuma na san shi.

Bayan kwana biyu, muna tsaye a barandar ofis ni da malamar, ina mata bayanin siyasar Ingila, sai ga akori-kura ta shigo makaranta, an labta mata yanta da gora har tana rangaji. A can ƙololuwar kayan ga tsoho a zaune, da 'yar shara mai launin ƙasa da malfa. Ya diro da sauƙi kamar saurayi, ya karkaɗe jiki, ya waiga, idonsa ya faɗa kaina. Fuskarsa ta washe. Ya taho da sauri yana cewa, "Babana, ashe nan ce makarantar taku."

Ku da kuka tashi a ƙasarmu kun san yadda ɗa yake gaida uba. Takalmi ake tuɓewa, a durƙusa har ƙasa, a sunkuyar da kai, ba a haɗa ido. Haka na yi masa tun da na iya magana. Ranar kuwa, da wandona mai guga da malama a gefena, sai na tsaya ƙiƙam a kan takalmina mai tudu, na miƙa masa hannu kamar wani abokin aiki, na ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Ya tsaya. Ya dubi hannun, ya dubi fuskata, ya dubi malamar. Sannan ya goge tafinsa a jikin riga, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Yauwa, Malam. Mun same ku lafiya?"

Ya juya ya koma wajen kayansa. Malamar ta tambaye ni ko na san shi ne. Na amsa mata da Turanci, don kada ya ji, na ce wani mutumin garinmu ne, haka yake kiran kowane yaro. Ban san me ya sa na wahalar da kaina da Turancin ba. Abin da zai ji ai ya riga ya ji shi a tafin hannunsa.

Kwana uku ya yi yana aiki. Ina da ɗakin haya a cikin gari, da katifa da fitila, amma a zauren maigadin makaranta ya sauka, ban ce masa taho ba, shi ma bai tambaya ba. Inna ta ba shi ƙullin daddawa da kuka da yajin da ta san ina so. Bai kawo mini da hannunsa ba, maigadi ya ba wa, ya ce a ba malamin aji bakwai, saƙon mutanen garinsu ne. In mun haɗu a hanya shi ke fara gaishe ni, Malam ina kwana, Malam ina gajiya, ya kauce mini in wuce. Ya riƙe mini ƙaryata gam, ya fi ni iya riƙe ta. Ba zan ce muku ban ji komai ba. Kullum da safe sai in ƙudura yau zan je in durƙusa, in na shigo makaranta na ga idon mutane sai in ce bari sai an tashi, in an tashi in ce bari sai gobe. Lissafina shi ne ya gama ya tafi, in an yi hutu in je gida in ba shi haƙuri a inda ba mai gani. Wato ina so in ci amanarsa a bainar jama'a, in biya a bayan ɗaki.

A rana ta huɗu da hantsi, ya gama rufin ɗaki ɗaya ya hau na biyun. Ni kuma na tara yarana a gindin darbejiyar da ke jikin bangon, na jingina allo, muna darasin abubuwan da ke faruwa a duniya, don ana tambayarsu a jarrabawa. Baba yana sama daidai kanmu, yana warware yanta yana ɗaurewa, ɓurɓushin ciyawa yana sauko mana. Na rubuta sunan firaministar da manyan baƙaƙe. Na sa yara suka zaro harshe suka maimaita. Na ɗaga murya fiye da kullum, ban sani ba ko so nake na saman ya ji irin ɗan da ya haifa, ko so nake in danne abin da ke cina. Na ce ma'anarsa ƙarfe, sunan manya ne, jinin sarauta, ba irin sunan da za ka samu a gidan masu aikin hannu ba. Na sa suka rubuta a littafi.

Ashe Hedimasta yana tsaye a bayana, ya zo duba aikin rufi, malamar ma ta fito da yaranta shan iska ta tsaya daga gefe. Ya bari na kai aya, sannan ya yi gyaran murya, ya ce a hankali yana neman ƙarin ilimi, a wane littafi na samo wannan ma'ana. Na ce ai sananniya ce. Ya ce to madalla, tunda ga ƙamus a aljihuna, in buɗe wa yara su gani da idonsu, don su koyi yadda ake nema. Na yi 'yar dariya na ce ranka ya daɗe, ai sunan manyan mutane ba ya shiga ƙamus. Ya ce in dai gwada.

Na zaro shi. Shekara biyu yana aljihuna, wasu shafukan ma a manne suke da gumi. Na yi ta fincike-fincike ina addu'ar kada in samu. Sai ga ta. Kalmar nan ɗaya tak, harafi bai canza ba, an rubuta ta da ƙaramin baƙi a tsakiyar kalmomin talakawa. Na karanta abin da ke gabanta a zuci, na sake karantawa.

Hedimasta ya ce in karanta a fili, in fassara wa yara da Hausa. Na tsaya ina ta juya shafin. Ya karɓi ƙamus ɗin, ya nisanta shi da idonsa, ya karanta, ya rufe.

"Yara, ku soke abin da kuka rubuta. Ma'anar sunan nan, mutumin da sana'arsa rufe ɗaki da ciyawa. Mai baibaya." Ya ɗaga sandarsa ya nuna sama. "Ga shi nan a kanku."

Yara suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka ga tsoho da malfa da igiya a baki, suka dubi allo, suka dube ni. Dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa daga benci. Malamar ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. A nan na tuna wata guda na yi ina kiranta mai baibaya, ina jiran ta gode mini.

Hedimasta ya tsawatar, aka yi shiru. Ya yi musu bayanin da ya kamata a ce ni na yi. Ya ce Turawa da yawa sunan gidansu sunan sana'ar kakanninsu ne: akwai maƙeri, akwai maɗinki, akwai masaƙi, akwai mai gashin burodi, akwai mai niƙa. Kakan kakan wani ya yi sana'ar, aka riƙa kiransa da ita, sunan ya bi jikoki har bayan sun bar ta, kamar yadda mu ma muke cewa gidan maƙera ko gidan majema ko da ba sauran mai riƙe guduma a gidan. Ya ce a can ma suna da gidaje masu rufin ciyawa, kuma mai iya yin su ba a raina shi. Kirarin ƙarfe daban, suna daban.

Duk wannan Baba yana sama yana ji, don da Hausa ake yi. Ya cire igiyar daga bakinsa, ya leƙo, ya ce a gafarce shi, yana da tambaya. Ya ce wato matar nan da ake ta faɗa a rediyo, mai mulkin Ingila, sunan masu baibaya take amsawa? Hedimasta ya ce ƙwarai. Ya ce kuma da ta hau mulki ba ta sake shi ba? Hedimasta ya ce da shi duniya take kiranta, sai dai a gaskiya ba na gidansu ba ne, na gidan mijinta ne, don su mace sunan gidan miji take ɗauka.

Baba ya jinjina kai. Bai dube ni ba, yantar da ke hannunsa yake kallo.

"Ikon Allah. Ita aro ta yi, ta riƙe shi har gadon mulki ba ta ji kunya ba. Wani kuwa nasa ne na gado."

Ya mayar da igiya baki ya ci gaba da ɗauri.

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba ƙari ake yi ba. Amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne muryarsa. Babu faɗa a cikinta, babu gori. Da zagina ya yi da na samu sauƙi.

Ban san lokacin da na ajiye alli ba. Na taka zuwa gindin tsanin da ya hau da shi, na tuɓe takalman nan masu tudu, na durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ɓurɓushin shuci, da wandon da na kwana ina gogewa. Na ce, "Baba, ina kwana." Gaisuwar da ta makara da kwana huɗu. Sannan na juyo, ina durƙushe, na ce wa yara da Hedimasta da malamar wannan mahaifina ne, shi ya haife ni, baibaya ce sana'arsa, ita ce ta kakana, da ita aka yi mini karatun da nake musu taƙama da shi.

Na zaci za a yi salati, a riƙe baki. Ko gezau. Yara suka dubi juna kamar na ce musu yau Alhamis. Malamar ce ta sauke mayafi daga bakinta ta ce, "Ai tun ran da ya sauko daga mota kowa ya sani. Kamarku ɗaya kamar an tsaga kara, har wushiryar." Wato kwana huɗu ina fama da dakon asiri, ashe ni kaɗai ne a makarantar nan ban san ya tonu ba. Hatta maigadi ya sani. Kallona kawai suke yi su ga iya gudun ruwana.

Baba dai bai amsa gaisuwar nan take ba. Ya gama ɗaurin da yake yi, ya ja ya ji ya yi ƙarfi, ya ɗauki lokacinsa. Ni kuwa ina ƙasa, gwiwa ta fara tsami, na kasa kunne, don na san in ya ce mini yauwa Malam, to na rasa abin da ba ƙamus ɗin da zai nemo mini shi. Can sai na ji ya ce daga sama:

"Lafiya lau. Tashi ka miƙo mini yantar can, Babana."

Na tashi na rungumi naɗin yanta a kan farar rigata, na hau tsani. Ban sauko ba sai azahar. Hedimasta ya karɓi ajin, ni na wuni ina miƙa ciyawa ina riƙe igiya, biro uku suna zubowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yara suna tsincewa. Hannuna ya tsattsage, na yi atishawa har na gode Allah. Baba bai tayar da maganar ba, sai gyara mini riƙo yake yi, yana cewa hannun ya manta amma zai tuna. Da aka tashi na ɗauki buhun kayansa daga zauren maigadi na sa a ka, muka ratsa tsakiyar gari zuwa ɗakina, yana gaba ina baya. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake ambata kwanakin nan huɗu ba, kuma na san ba mantawa ya yi ba.

Jinkar nan ta yi damina uku kafin kwano ya iso, kuma duk makarantar ba ajin da ya kai nawa sanyi. Sunan Ƙamus ya mutu a ranar. Sunan Baturiyar nan ya tashi daga kan malamar ya dawo kaina, yara suna zaro harshe yadda na koya musu suna kirana da shi ta bayan taga. Da farko yana mini zafi, daga baya na riƙa amsawa, don in an bi gaskiya duk Birnin Kudu ba wanda ya fi ni cancantarsa. Ko Hedimasta da gangan ya aika Dingaya, ko dacewa ce, na tambaye shi bayan shekaru, ya yi murmushi ya ce shi dai gwani ya nema. Malamar kuwa, Allah ya yi ita ce uwar 'ya'yana. Har gobe in na fara cika baki a gaban baƙi, sai ta ce a hankali, Malam, ko a ɗauko ƙamus?

Abin da na koya biyu ne, kuma a rana ɗaya na biya kuɗin makarantarsu. Na farko, ban sani ba ba ta kashe malami, na sani ta ƙarya ita ke kashe shi. Tun daga ranar ban sake fassara kalma ban duba ba, ko da ina ganin na san ta kamar yunwar cikina. Na biyun ya fi nauyi. Na tafi har Ingila neman sunan da zan yi ado da shi, na ɗauko wanda na ga ya fi kowane ƙyalli, na buɗe cikinsa, sai na tarar da ubana a zaune da malfarsa da igiya a baki. Sunan kakana mai baibaya aka raɗa mini ran suna, da shi zan tashi gobe kiyama. Duk wanda iyayensa suka rufa masa asiri da sana'ar hannunsu, kada ya bari sai baƙo ya zo ya gaya masa darajarta. Ni sai da ƙamus ya gabatar mini da mahaifina, kuma har yau in na tuna, kunya nake ji.